Kwamfutar da Ɗana Ya Bari

Bayan sadakar arba'in muka raba kayan ɗana. Riguna ƙannensa suka ɗauka, babur aka bar wa kawunsa. Kwamfutar ce kawai ba wanda ya miƙa wa hannu.

Shekara uku ya yi a wani kamfani a Kano yana rubuta manhajar kwamfuta. Da ya dawo Roni sai ya fara tasa, wadda za ta riƙa sanar da masu noman rani ranar da ruwa zai zo kan kowa, don a daina faɗa a bakin magudana. Bai gama ba takarda ta zo daga lauyan kamfanin. Wai ya karanta rubutun manhajarsu lokacin da yake wurinsu, kuma tasa ta yi kama da ita. Ya rantse mini bai kwafi ko layi ɗaya ba, na kuma yarda da shi. Amma ya ce ba yadda zai buɗe kansa ya nuna wa alƙali wanne ne nasa, wanne ya gani. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi.

Na naɗe kwamfutar a mayafin mahaifiyarsa, na tafi Kazaure wurin abokinsa da suka yi karatu tare, sana'arsu ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sake yi mini ta'aziyya. Na buɗe ta a kan teburinsa.

Sai ya juya fuskarsa bango.

"Baba, don Allah a rufe."

"Aikin abokinka ne. Kai kaɗai na sani da zai iya ƙarasa shi."

"Haka ne, Baba. Amma in na karanta, ya shiga kaina ke nan. Gobe duk abin da na rubuta, za su ce daga nasu ya fito. Ina da iyali."

"Ko kallo ɗaya?"

"Ai kallon suke kamawa, Baba."

Na ce to wa zai iya? Ya ce sai wanda bai taɓa ganinsa ba, a gaya masa da baki abin da ake so, ya faro daga tushe. Na ce ai wannan ba aikin ɗana ba ne kuma. Na sake naɗe ta a mayafin, na koma gida.

Ni ba na gane rubutun, don haka ba wanda ya hana ni. Wani lokaci bayan la'asar nakan buɗe in bi layukan da ido. A cikin baƙaƙen da ban sani ba, akwai wuri ɗaya da ya rubuta wa kansa da Hausa: "A gyara nan bayan girbi."