Kakata Ta Ce Bagzan

A Yamai babu dutsen da zai sa mutum ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Abin da muke taƙama da shi bai wuce tuddan nan uku na ƙetaren kogi ba, waɗanda ake hangowa daga bakin ruwa a Gudel. Ranar da aka fara nuna wa kakata su, aka ce mata ga duwatsunmu, sai ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, na ga murhun. Ina tukunyar?"

Uwar mahaifina ce. An haife ta a kan Bagzan, can cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas. Kakanmu, wani bafatake ɗan Damagaram mai bin ayarin gishiri, shi ya auro ta ya sauko da ita tana budurwa, kuma tun daga ranar ba ta sake taka garinsu ba. Da ya rasu, sai babanmu ya ɗauko ta zuwa gidan da muke haya a Bukoki, gida mai ƙofa ɗaya da iyali biyar. Hausarta tana da gishirin Buzanci, yaran unguwa kan kwaikwaye ta in ta ba da baya. Ni ne jikanta namiji na fari, don haka ni ne angonta, kamar yadda aka saba wasa tsakanin kaka da jika. In na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, sai ta tare ni da, "Ango, yau ma hannu na dukan cinya? Ina tsarabata?" Ni kuma in ce ai na daɗe da sakinta, me zan yi da amaryar da ba ta da haƙori. Ta yi dariya har ta yi tari, sannan ta kwance bakin zanenta ta gutsuro mini cuku, wanda ba ta ba kowa sai ni.

Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, sai ta fito da kaskon wuta ƙofar ɗakinta, ta ɗora 'yar butar shayinta a kan garwashi. Ba a kiran kowa. Yaran gidan kan taru da kansu, har da 'ya'yan Zabarmawan da ba sa jin rabin abin da take faɗa, har da Bulus, abokina, ɗan wata malamar likita Kirista 'yar Dogonduci da ke ɗakin kusa da namu. Ita ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Sai ta ce, "Ga ta nan, ta sauko daga dutse." Mu amsa, "Ta zo ta sha ruwa." Akwai na Gizo, akwai na kura da zomo, amma ko wace hanya ta bi, sai ta ratse ta kai mu Bagzan. A bakinta na ji cewa akwai ƙauyuka da lambuna a bisa kan dutse, da idon ruwa mai gudu rani da damina, da rumman da ɓaure da alkama da tafarnuwa. Ta ce mota ba ta hawa, sai jaki, shi ma sai mai haƙuri. Ta ce da asuba ruwa kan daskare a ƙwarya, kuma tana yarinya tana kiwon awaki ta sha ganin girgije na wucewa ta ƙasanta. Takan rufe da cewa duk ƙasar nan babu abin da ya kai Bagzan kusa da sama, mu kuwa mun yarda kamar yadda muka yarda wuta na ƙuna.

Shekarar da nake aji shida, shekarar jarrabawar sartifika, malaminmu, wanda muke kira Mushe kamar kowane malamin lakwal, ya rataya taswira a jikin allo, ya tambaya da Faransanci wane dutse ya fi tsawo a Nijar. Na ɗaga hannu ina kaɗa yatsa har ina tashi tsaye, ni da ba a cika jin muryata a aji ba. Na ce Bagzan. Ya ce wa ya faɗa mini. Na ce, "Kakata ta ce." Aji ya ɗauka da dariya. Mushe ya buɗe littafi ya karanta mana cewa Girebun ne, wani dutse can ƙuryar arewa, sannan ya dube ni ya ce ranar jarrabawa in taho da kakar tawa ta zauna kusa da ni. Kafin a tashi sunana ya koma Kakata-ta-ce. Ya bi ni filin ƙwallo, ya bi ni famfo, har mai tuyar farimasa ta ƙofar lakwal da shi take kirana.

Kwana uku ina haɗiyar abin. Da na zo mata da kukana, na ce ga abin da ya same ni, da ta lallashe ni an wuce wurin. Amma ba haka na yi ba, kuma wannan ne wurin da har gobe nake jin nauyin faɗarsa. Tarko na ɗana mata. Na gayyato biyu daga cikin masu yi mini dariya, na ɓoye littafin cikin rigata, na jira sai da aka zagaye kasko, sannan na sassauta murya na ce, "Kaka, wai wane dutse ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan?"

Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba. Ta ajiye ɗan kofin shayin ta ce, "Shekara nawa ina cikin gidan nan, ba wanda ya taɓa tambayata. Matso kusa, ango. Wannan tatsuniya ba a ba da ita sai an tambaya. Uwata ma sai da na tambaya ta ba ni."

Ta ce a can da, duwatsun Abzin suka yi gardama a kan wanda ya fi tsawo, har magana ta yi zafi, suka kira dila malamin daji ya raba su. Dila kuwa ba ya son wahala. Maimakon ya hau, sai ya riƙa tsayawa a gindin kowanne yana ɗaga kai. Ya je Tamgak ya duba, ya gyaɗa kai. Ya je wurin wani dutse da ke tsaye can bakin rairayi, babu kowa kusa da shi balle a gwada su, ya ga ya cika masa ido. Da ya zo Bagzan sai ya tarar da shi a baje, ya yi faɗi kamar raƙumin da ya durƙusa da kaya. Dila ya ce ya miƙe a gan shi. Bagzan ya ce ba zai iya ba, akwai mutane suna barci a bayansa, in ya motsa lambunansu za su zube. Dila ya ce ai shi ke nan, wanda ba ya iya miƙewa gajere ne, ya naɗa wa na bakin rairayi rawani. Ana cikin guɗa sai ga wata tsohuwa mai kiwon awaki ta sauko da sandarta. Ta ce, "Malam dila, kafin a watse, nuna wa jama'a tafin ƙafarka." Dila ya nuna, sumul, ko ƙwarzane babu.

Kaka ta ɗaga yatsa ta ce, "Daga nan sai tsohuwar nan ta..."

A nan na miƙe. Na zaro littafin, na karkata shi wajen hasken wuta, na karanta da Faransanci da ƙarfi yadda Mushe ke yi, na fassara mata. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na ce, "Dila ne mai gaskiya. Ke ko ƙofar lakwal ba ki taɓa shiga ba, sunanki ma ba ki iya rubutawa. Saboda ƙaryarki ake yi mini dariya."

Baƙin da na gayyato suka soma dariya, ta mutu a bakinsu. Kaka ta miƙo hannu na ba ta littafin. Ta jinjina shi, ta shafa shafin da yatsa a hankali, ta ce, "Shi wanda ya rubuta, ya hau?" Na ce aunawa ya yi. Ta ce, "To," ta maido mini da hannu biyu. Bulus, wanda ya fi ni hankali tun lokacin, ya ce, "Kaka, ƙarasa mana mana. Mi tsohuwar ta yi?" Ta ce, "Littafi ya ƙarasa ta, ɗana." Ta tura toka ta rufe garwashin, ta ɗauki butarta ta shige ɗaki.

Ban sha duka ba. Innarmu ta rantse sai ta gaya wa babanmu, Kaka ta hana, ta ce wasan jika ne, babu mai shiga tsakani. Ta san ba wasa ba ne, ni ma na sani. Da safe na fito da jakata sai ta ce, "Mushe, an tashi lafiya?" Na ɗauka tsokana ce ta kwana biyu. Ba ta sake kirana ango ba. Cuku bai yanke ba, addu'a ba ta yanke ba, in na yi zazzaɓi ita ke kwana a kaina. Sai dai wasan ya mutu, girmamawa ta maye wurinsa, kuma ban san horon da ya kai tsohuwa ta riƙa girmama ɗan shekara goma sha biyu zafi ba. Tatsuniya ta ci gaba a bakin kasko, Gizo da Ƙoƙi da kura, amma hanya ba ta sake ratsewa ta Bagzan ba.

Na ci jarrabawa. Na so in ba ta haƙuri, da fari girman kai ya hana, daga baya kunya ta hana, kullum ina cewa sai gobe. Ta rasu ina lise, wato babbar sakandare. Maganarta ta ƙarshe gare ni ita ce, "Mushe, a yi ta karatu."

Bara, ga furfura ta fara yi mini sallama, 'yata Nana tana aji shida tana haddar darasi a tsakar gida, sai na ji ta ce dutsen da ya fi tsawo a Nijar yana Bagzan. Ko ɗagowa ban yi ba na gyara mata, na ce Girebun. Ta ce, "A'a Baba, ga shi nan." Na karɓi littafin na duba, na ɗauko salula na sake dubawa. Ƙololuwar Bagzan ta haura mita dubu biyu, Girebun kuwa bai kai ba. Tsofaffin littattafai ne suka yi kuskure, aka daɗe ana kwafarsa daga wannan zuwa wancan kafin a gyara.

Abin da na fara ji daɗi ne, ashe Kaka ce da gaskiya. Daɗin bai kai an sha shayi ba ya juye kunya, wadda ta fi ta farko nauyi. Matar da ta yi kiwo a kan dutsen ta faɗa mini ban yarda ba, sai da wata takarda ta sake faɗa. Sau biyu ke nan ina tsayawa a gindi ina yanke hukunci da tafin ƙafa sumul. Da na ƙara tunani kuma sai na ga ko da littafin Mushe ne ke da gaskiya, laifina bai ragu da ƙwayar gero ba. Mace ta rabu da garinsu fiye da shekara hamsin, ba ta da inda za ta gan shi sai a bakin kasko, ranar da wani ya fara tambayarta labarinsa kuma, angonta ne, da littafi ɓoye a cikin riga.

Na nemi ƙarshen tatsuniyar. Babanmu ya riga mu gidan gaskiya. Gwaggona ta Damagaram ta ce ba ta taɓa jinta ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Na tare wani Ba'abzine mai sayar da tafarnuwa a kasuwa, ɗan Bagzan ɗin ne ma, ya saurara har ƙarshe ya ce bai san wannan ba, wataƙila ta gidansu ce. Na kira Bulus, wanda ke aikin likita a Maraɗi yanzu. Ya tuna komai, har tafin ƙafar dila. Sannan ya ce mini a waya, "Ai daidai nan ka tashi tsaye."

Ran nan da aka ɗauke wuta, na hura gawayi a tsakar gida na ba Nana tatsuniyar, na fara da ga ta nan ta sauko daga dutse, na koya mata amsar. Da na kai wurin da tsohuwa ta ce a nuna ƙafa sai na tsaya. Ta ce daga nan fa. Na iya ƙirƙiro mata wani abu, ba za ta gane ba, amma na ga ƙarya ɗaya da na jingina wa Kaka ta isa. Na gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba. Ta daɗe tana tona toka da tsinke, ba ta dube ni ba.

Na ce, "In an tambaye ki a lakwal wa ya faɗa miki Bagzan ne, ki ce kakar babanki ta ce."

Ta ce, "Baba, ai yana cikin littafi."

Na ce, "Na sani. Ki faɗa dai."