Sakwarar Taron Sulhu

Jiya na tsinci hoton taron sulhun da aka yi a Salaga bayan rikicin shekarun casa'in. Maza ne reras. Mahaifiyata hannunta kaɗai ya fito, riƙe da kwanon sakwara.

A ranar, da ta nemi magana, shugaban taron ya ce, "Hajiya, ji da tukunyarki. Ƙauyukan da muke rigima da su, ko namiji bai isa ya taka ba."

Ta ce, "Alhaji, doyar da kake ci daga can take. Duk mako muna haɗuwa da matansu a rafi, mu ba su gishiri, su ba mu doya."

Sai ya nemi ƙarin sakwara.

Ku duba tsofaffin hotunanku, hannun wa ke gefe?