Kawu Ɗanlami da Dutsen Bayan Gida

Duk wanda ya san Kawu Ɗanlami, ƙanen mahaifiyata, ya san fensirin nan na bayan kunnensa. Ko alwala yake, sai ya zo shafar kunne yake cire shi ya riƙe da haƙori. Tela ne a kasuwar Wunti da ke Bauchi, amma ɗinkinka na ƙaramar salla sai ya kai babba, don hankalinsa na kan zanen duwatsu.

Ba ya zana abin da ke motsi. Wani makiyayi ya taɓa roƙonsa ya saka masa shanunsa a takarda, Kawu ya ce ya dawo in sun koyi tsayuwa wuri ɗaya. Magogin fensir kuwa bai taɓa saya ba. In layi ya karkace, sai ya mai da shi bishiya. Shi ya sa Bauchin Kawu ta fi tamu inuwa.

Babban aikinsa shi ne dutsen da ake hangowa daga bayan gidanmu a unguwar Ɗan Iya. Kullum bayan la'asar zai kife turmi ya zauna, yana zana shi daga sama zuwa ƙasa, a hankali kamar mai tsintar shinkafa. Ana haka maƙwabcinmu Alhaji Garba ya fara gina bene daidai tsakaninsa da dutsen. Bulo na hawa, fensirin Kawu na saukowa.

Ya roƙi magina su rage sauri, suka yi dariya. Sai ya koma aika musu fura mai kauri da azahar. Dabarar ta ci, har Alhaji ya gano dalilin barcin ma'aikatansa.

Alhaji bai yi fushi ba, da kansa ya zo. "Malam Ɗanlami, hau saman benen mana, daga can har gindinsa za ka gani."

Kawu ya hau, ya duba, ya sauko. "Alhaji, wancan wani dutsen ne. Nawa daga kan turmi ake ganinsa."

Haka zanen ya tsaya, ƙasansa fari fat. Na ce ya ƙarasa da ka, tunda ya haddace wurin. Ya ce zai jira, ai bene mutum ne ya gina, dutse kuwa ba inda za shi. Bai daina zama yana fuskantar bangon ba har ciwo ya kwantar da shi. A da dariya muke yi, yanzu ba na iya kallon farin takardar nan ban ji ƙwalla ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya ajiye shi inda babu mai tare masa gani.