Hannun da Ke Cikin Jaka

Shekarar da na zo Greensboro ina da cikin fari, ga shi ban iya Turanci ba sai gaisuwa. Maigidana yakan fita da asuba zuwa wurin aikinsa a Wendover, ya bar ni ni kaɗai a ɗaki. Ni kuwa kunne gare ni kamar me.

Kullum da safe sai in ji wani gunaguni ta bango, kalmomi iri ɗaya ana ta maimaitawa, ba tashi ba sauka. Wata tsohuwa ce 'yar Indiya, 'ya'yanta duk suna zuwa aiki. Na taɓa hango ta a baranda, bakinta na motsi, hannunta na dama cikin wata 'yar jaka, manuniya kaɗai a waje. Wata Anti 'yar garinmu ta ce mini, "Ke, rufe cikinki in za ki wuce ta. Waye ya san abin da ke cikin jakar nan?" Tun daga ranar ko shara ba na fitarwa sai na leƙa.

Ran nan da hantsi faya ta fashe, wata bai cika ba. Na kira maigida, waya a kashe. Na kira Anti, ba ta ɗauka ba. Na buga ƙofa biyu, shiru. Saura tata.

Ta buɗe, bakin nan bai tsaya ba. Ta dubi zanina a jiƙe, ta jawo ni da hannun hagu ta zaunar. Ɗakin duk ƙamshin turare, ga hotunan gumaka masu hannuwa da yawa suna kallona. Ta kira motar asibiti da guntun Turancinta, ta dawo ta durƙusa, ta ɗora hannun nan mai jaka a kan cikina, ta ci gaba da gunaguninta.

Wallahi tsoron ya fi naƙudar. Me take kira a kan ɗana? In ture ta, ba ƙarfi. Sai na kama duk addu'ar da na sani, ina ɗaga murya don tawa ta danne tata. Ta gyaɗa mini kai, wai in ci gaba. A nan na ji wani ƙas-ƙas a cikin jakar, irin ƙarar da carbi ke yi. Ko da na gane carbinta take ja, ban daina addu'ata ba.

A asibiti yaron ya zo ɗan mitsitsi, amma da kukansa. Maigida ya iso a guje, ya yi masa kiran salla a kunne.

Na ce, "Malam, ƙara."

Ya ce, "Ai ya ji."

Na ce, "Ƙara dai, ba kai ka fara yi masa magana ba."

Ya dube ni, ya sunkuya ya ƙara. Sai a lokacin na iya rufe ido.