Mangwaron Bakin Hanya

Muntaka manomi ne a wani ƙauye gefen Tsanyawa, ranar kasuwa kuma ya yi facin keke. Ba mugu ba ne. Ciwonsa ɗaya: in geron maƙwabci ya fi nasa tsayi, ranar tuwo ba ya yi masa daɗi.

Yana da wata gonar gado a bakin hanya, ciyawar wuta-wuta ta cinye ta. Ya sayar wa Sammani, abokinsa na ƙuruciya, a gaban mai unguwa, aka shafa fatiha. Don tsokana har ya miƙa masa dashen mangwaro a leda, ya ce, "Ungo, dasa. In ya yi rai a wannan ƙeƙasasshiyar, ni zan fara sha." Jama'a suka kwashe da dariya.

Sammani ya duƙufa jigilar taki a jaki, rani bayan rani. Gona ta farfaɗo, dawa ta yi kore shar. Ga shi hanyar kasuwa ta nan ta bi. Muntaka ya sauya hanya, ƙafa ta dawo da shi. Ran da matarsa Lauratu ta ce, "Malam, ka ga gonar nan kuwa?" ko kallon kwano bai yi ba. Hassada ce, tsagwaronta.

Da mai unguwa ya rasu, sai Muntaka ya garzaya wurin dagaci. "Ranka ya daɗe, jingina na ba Sammani gonar nan, ban sayar ba. Ya karɓi abinsa ya ba ni gonata."

Aka kira Sammani. Dagaci ya ce a je gonar, ya tsaya a inuwar mangwaron.

"Wa ya dasa wannan?"

"Ni ne," in ji Sammani. "Muntaka ne ya ba ni."

Nan take kowa ya tuna tsokanar.

Dagaci ya ce, "To, Muntaka, a garin nan an taɓa dasa itace a gonar jingina?"

Ba a taɓa ba. Itace mai gona ke dasa shi, kuma Muntaka ya sani. Dagaci ya ce ciniki ya tabbata, kowa ya kama gabansa.

Da bazara Sammani ya yi sallama a gidan Muntaka da kwandon mangwaro a ka. "Kai ka ce za ka fara sha."

Muntaka ya gatsa ɗaya, zaƙi har kunne. Ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Da tsami."