Tambayoyin da Yaya Rakiya ta bari

Yau shekara shida ke nan da muka rufe Yaya Rakiya a Tasawa, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ba da mutuwa nake faɗa ba, wannan rigar kowa ce. Da masu zaman buro nake, manyan ofis.

Aikinta jinyar masu ciwon damuwa ne, da zama da sauraro, ba allura ba ƙwaya. Ga ta da bin binciken masana. Sai ta hau kabu-kabu neman inda rezo na intanet yake don ta sauke ƙasida guda, ta tarar rabinta a kulle, sai an biya. Ana nan aka aiko mata da takardar tambayoyi daga waje, wai da ita ake gane mai jegon da damuwa ta kama. Tana kallon jaririnta? Tana kiran sunansa? Tana yi masa wasa?

Haba jama'a! Wace ƴar Kona ko ƴar rugar Attantane ce za ta kira sunan ɗanta na fari a gaban baƙo? Kunya ce, a cikinta muka tashi. Takarda ta mai da masu lafiya majinyata, masu ciwon gaske kuwa suna wucewa da murmushi. Yaya ta zauna da ungozomomi ta sake tambayoyin: Tana cin abinci? Barci fa? Tana kuka in ta keɓe? Shekara uku tana rubuta abin da ta gani, ta kai wa manyanta. Suka ce ba a tantance ba. Ta ce to, a tantance mana, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suka ce ba huruminta ba ne. Har ta koma ga Allah ba wanda ya buɗe shafi na biyu.

Da za ta leƙo yau, me za ta tarar? Watan jiya ɗiyata Nana ta yi haihuwar fari a asibitin Mayahi. Ƴar lakwal ce, ta yi boko, ta rungume ɗanta ta kira sunansa, aka cika takardar nan dai, aka ce lafiya lau. Alhali kwana huɗu ba ta sa loma a baki ba. Ni da ban yi karatun likita ba na ja ta wajen tukunyar ruwan wanka, na yi mata tambayoyin Yaya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, tsoron kaina nake ji in an bar ni da shi."

An ce rashin sani ya fi dare duhu; to, ƙin sani fa? Abin da ya rage na Yaya ke nan, tambaya uku a bakina, ni ƙanwarta mai ƙuli-ƙuli. Allah ya jiƙan ta. Nana tana samun sauƙi. Wadda ta haihu bayanta a kan gadon nan, ban san wa ya tambaye ta ba.