Kabarin Inna a Darak

Shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, muna cin abincin rana a wani shagon abinci irin wanda suke kira mamak, a titin Jalan Semarak, wani abokin karatuna ɗan Malesiya ya ɗauko zancen wani dutse a tsakiyar teku da kotun duniya ta ba Singafo. Ransa ya ɓaci sosai, har ya ture farantinsa. Na tambaye shi ko akwai mutane a kan dutsen. Ya ce babu, sai fitilar jiragen ruwa da tsuntsaye. Na ci gaba da cin shinkafata, amma hankalina ya koma garinmu.

A Darak aka haife ni, wani tsibiri a Tafkin Chadi. Kafin ruwa ya ja baya babu tsibirin ma. Babana masunci ne daga Yawuri, yana cikin waɗanda suka fara sare ciyawa suka kafa bukkoki a wurin. Ya sha ba mu labarin yadda sauro ya kusa korar su a damina ta farko. Daga baya aka yi kasuwar banda, aka yi makaranta, aka kafa tutar Nijeriya a bakinta. A ƙarƙashin tutar na koyi karatu. A can kuma muka binne Inna, bayan gidanmu, ina aji huɗu.

Wata rana muka ji a rediyo cewa alƙalai a Turai sun duba wata tsohuwar taswira da Turawa suka zana, sun ce ƙasar ta Kamaru ce. Lokacin da aka ja layin iyakar, ruwa ne zalla a wurin. Ba wanda ya zo ya tambayi Baba komai. Sojojinmu suka sauke tuta, suka naɗe ta, suka shiga jirgi. Aka ce wanda yake so ya zauna, wanda ba ya so ya bi su, za a ba shi fili. Baba ya bi. Filin da aka nuna mana fako ne, ko rijiya babu.

Bayan shekara biyu ya koma ziyarar kabarin. A bakin ruwa jandarma ya tare shi da Faransanci, ya nemi takardar shiga ƙasa. Baba ya nuna masa bishiyar da ya dasa da hannunsa, ana hango ta daga nan. Jandarman ko waiwayawa bai yi ba.

Da ya dawo ya yi alwala. Sannan ya dube ni ya ce, "Uwarku ta zama 'yar Kamaru, ni kuma baƙo ne a wurinta."

Bai sake taɓa komar kamun kifi ba, ƙanensa ya bar wa kwalekwalensa. Ya rasu ina nan Malesiya, ina tsakiyar jarrabawa, aka binne shi a fakon nan. Ban samu zuwa ba.